Daga Zariya zuwa filin ƙanƙara: Ina taurarin yara ke ƙarewa idan sun girma?

Duk wanda ya ratsa unguwar Kwarbai da ke tsakiyar birnin Zazzau bayan sallar La'asar, zai tarar da abin da aka saba gani a kowane birni na ƙasar Hausa. Yara sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ƙura na tashi, ana ta laƙaba wa 'ya'yan unguwa sunayen 'yan wasan Turai. A kowane rukuni kuma akwai yaro guda da kowa ya sallama wa, wanda manya kan dakata su kalla, har a riƙa tare mahaifinsa a kasuwa ko a ofis ana ce masa, "Alhaji, wannan yaron naka in ya samu hanya, kakarku ta yanke saƙa."

Daga irin wannan yabo maganar kan soma. Ba a jimawa sai wani ya ɓullo da takarda mai tambarin wata ƙungiya ta ƙasar waje, ya ce ana neman yaron gwaji, sai dai akwai kuɗin fasfo da na biza da na jirgi. A nan uba zai shiga lissafi: ya taɓa jarin shago ne, ko ya karɓi rance a kan albashi, ko ya sa gonar gado a kasuwa? Karatun yaron fa, da saura shekara guda ya zauna jarrabawar kammala sakandare?

Kafin a kai ga batun kuɗi, akwai tambayar da ta cancanci a fara amsawa. Yaran da suka yi fice tun suna ƙanana, har aka buga sunayensu a jarida, ina suke ƙarewa bayan shekara goma? Amsar na nan cikin tarihin waɗanda suka riga suka bi hanyar. Wani abin mamaki shi ne, ɗaya daga cikin misalan da suka fi fito da lamarin fili na wani haifaffen Zariya ne, wanda ya yi sana'arsa a wasan da yawancin mutanen garin ba su taɓa gani ido da ido ba.

Haifaffen Zariya a kan ƙanƙara

An haifi Rumun Ndur a Zariya ranar 7 ga Yulin 1975. Yana ƙarami iyalinsu suka koma Kanada, ya tashi a lardin Ontario, inda ruwa kan daskare watanni a jere, yara kuma kan fita su yi wasa a kansa kamar yadda namu ke fita fili da yamma. Wasan da suka fi so shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Mutum shida-shida ake yi har da mai tsaron raga, kowa sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa da yake zamewa da shi, riƙe da gora mai lanƙwasa, ana bin wani ɗan baƙin faifan roba. Matsayin da ƙwallon ƙafa ke da shi a wurinmu, shi wannan wasa ke da shi a wurin mutanen Kanada, kuma babbar gasarsa a duniya ita ce NHL, wadda a yau ke da ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka.

Ndur ɗan baya ne. Ya yi wasan matasa a ƙungiyar Guelph Storm, kuma a shekarar 1994 ƙungiyar Buffalo Sabres ta NHL ta zaɓe shi a matsayi na 69 cikin matasan da aka ɗiba a wannan shekara. Zaɓen bai kai shi babbar ƙungiya kai tsaye ba. An tura shi ƙaramar ƙungiyarta, Rochester Americans, wadda ya ɗauki kofin Calder da ita a 1996. Bayan nan ne ya samu shiga fagen NHL, ya zama haifaffen Najeriya na farko da ya yi hakan. Ya buga wa Buffalo, ya koma New York Rangers, daga can ya tafi Atlanta Thrashers.

Jimillar wasannin da ya buga a NHL 69 ne, daidai da lambar da aka zaɓe shi a kanta, kuma ƙwallo biyu ya ci. A lokacin kowace ƙungiya wasa 82 take bugawa a kaka guda. Ke nan duk abin da ya samu a babbar gasar, in aka haɗa shi wuri ɗaya, bai cika kaka guda ba. Sauran shekarunsa na sana'a, waɗanda suka haura goma, ya yi su ne a ƙananan gasanni na Amurka da kuma Turai, ciki har da ƙungiyar Coventry Blaze ta Ingila.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan labarin wanda bai yi sa'a ba ne. Masu bin wasan sun san akasin haka. Cikin dubban yaran da suka taso tare da shi, Ndur na daga cikin ƙalilan da suka taɓa sa rigar NHL ko da sau ɗaya.

Yadda tsanin yake a Kanada

Abin da ya sa misalin Kanada ke da amfani a gare mu shi ne, tsarinsu a rubuce yake, ana iya bin sawun kowane yaro daga mataki zuwa mataki. Babban matakin matasa shi ne gasar CHL, wadda ta haɗa gasanni uku: ta Ontario, da ta yammacin ƙasar, da ta yankin Quebec da gabashi. Ƙungiyoyinta kimanin 60 ne, 'yan wasanta kuma 'yan shekara 16 zuwa 20. Yaro kan bar gidan iyayensa ya koma wani gari mai nisa, a ba shi masauki a gidan wasu mutane da suka amince su riƙe shi, ya riƙa zuwa makaranta da safe, atisaye da rana, tafiyar mota mai tsawo a ƙarshen mako. Ɗan abin da ake ba shi na kashewa ne, ba albashi ba ne. A ƙarshen kaka zakaru kan haɗu su yi takarar kofin Memorial.

A garuruwan da waɗannan ƙungiyoyi suke, yaran taurari ne. Ana cika fili domin su, ana nuna su a talabijin. To amma ƙofar da ke gabansu ƙarama ce ƙwarai. Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyin NHL ke zama su zaɓi sababbin 'yan wasa, zagaye bakwai, kowace ƙungiya da gurbi guda a kowane zagaye. Gurbi 224 ke nan a shekara, kuma ba na 'yan Kanada kaɗai ba ne. Ana takararsu da matasan Amurka, da Suwidin, da Finlan, da Rasha, da sauran ƙasashe. Waɗanda aka zaɓa ɗin ma, da yawansu ba sa taɓa buga ko wasa ɗaya a babbar gasar. Sukan yi 'yan shekaru a gasar AHL da ke ƙarƙashinta, ko ta ECHL da ke ƙasa da wannan, ko su tsallaka Turai, sannan su ajiye gora kafin su kai shekara 30.

Wasu mutum biyu masu jinin Najeriya sun nuna iyakokin tsanin guda biyu. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, an haife shi a Edmonton a 1977. Ya ɗauki kofin Memorial sau biyu da Kamloops Blazers, a 1994 da 1995, aka zaɓe shi na 11 a 1995, ya ci ƙwallo 625 a NHL, ya samo wa Kanada zinaren gasar Olamfik a 2002 da 2010. Akim Aliu kuwa an haife shi a Okene a 1989, ya tashi a Yukren da Kanada. Ƙungiyar Chicago Blackhawks ta zaɓe shi na 56 a 2007, wato gaba da matsayin da Ndur ya samu, amma wasa bakwai kacal ya buga a NHL, duka da Calgary Flames. A 2019 ya fito ya bayyana kalaman wariyar launin fata da wani kocinsa ya taɓa yi masa a ƙaramar gasa, lamarin da ya kai kocin ga ajiye aiki. Dukkansu uku taurari ne suna matasa. Wasa sama da 1,500, da wasa 69, da wasa bakwai: haka rabon ya kasance.

Namu tsanin: kofi biyar da abin da ya biyo baya

Idan aka dawo gida, ƙwallon ƙafa ne ke da irin wannan labari. Babu ƙasar da ta kai Najeriya ɗaukar kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. Sau biyar ta ɗauka: 1985 a China, 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da 2015 a Chile. Amma babbar tawagar ƙasar, Super Eagles, ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 ba a gasar cin kofin duniya. Wannan tazara ita ce abin dubawa.

Tawagar 1993 ta ba da Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, waɗanda suka ci zinaren Olamfik a 1996, suka kuma yi suna a Arsenal da Chelsea. Ita ce misalin da kowa ke kawowa. Tawagar 2007 kuwa, wadda marigayi Yemi Tella ya jagoranta, ta doke Sifaniya a bugun fanareti a wasan ƙarshe. Mai tsaron ragar Sifaniya a ranar shi ne David de Gea, wanda daga baya ya shafe shekara 12 a Manchester United. Gwarzon gasar kuma Toni Kroos ne na Jamus, wanda ya ɗauki kofin duniya a 2014. A ɓangarenmu, Macauley Chrisantus ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, guda bakwai. Hamburg ta ɗauke shi, amma bai samu gindin zama ba, ya yi ta sauya ƙungiyoyi a ƙasashe daban-daban. Rabi'u Ibrahim, ɗan Kano mai lamba 10 da aka riƙa kwatantawa da Jay-Jay Okocha, ya bi ta Sporting ta Fotugal, da PSV ta Holan, da Celtic da Kilmarnock a Sikotilan, kafin ya samu natsuwa a Sulobakiya, inda ya ɗauki kofunan gasar ƙasar da Trencin da Slovan Bratislava. Ya ci abinci da ƙafarsa shekaru masu yawa, sai dai ba a matakin da aka yi masa hasashe ba.

A 2009 Najeriya ce ta karɓi baƙuncin gasar, har aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, mutanen Zariya da dama sun je kallo. Suwizalan ta doke mu da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe a Abuja. Cikin yaranta akwai Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez, waɗanda suka zama ginshiƙan babbar tawagar ƙasarsu fiye da shekara goma. Gwarzon gasar namu ne, Sani Emmanuel. Ya tafi Lazio ta Italiya, bai samu shiga babbar ƙungiyar ba, rauni kuma ya taƙaita sana'arsa. Neymar ma ya buga wannan gasa, kuma tun a matakin rukuni aka fitar da Brazil.

Tawagar 2013 ta Manu Garba ta ba da Kelechi Iheanacho, wanda ya ɗauki kofin FA da Leicester a 2021. Kyaftin ɗinta Musa Muhammed, ɗan Kano da ya ci ƙwallo ta uku a wasan ƙarshe da Meziko, ya tafi Turkiyya, daga nan ya yi ta zagayen ƙungiyoyin gabashin Turai. Ta 2015 ta fi kowace ba da darasi. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10, amma kyautar gwarzon gasa kyaftin Kelechi Nwakali aka ba. Arsenal ta sayi Nwakali a 2016, bai taɓa buga mata wasan gasa ba har ya bar ta. Shi kuwa Osimhen ya je Wolfsburg ta Jamus bai ci ko ƙwallo ɗaya ba, har aka fara cewa ya ƙare. Sai da aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam ya farfaɗo, ya wuce Lille, ya wuce Napoli, ya ɗauki kofin gasar lig ta Italiya a 2023, aka kuma naɗa shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a wannan shekara.

Me ke jawo wannan bambanci?

Dalili na farko jiki ne. A shekara 15 ko 16, yaron da ya riga tsaransa girma kan fi su ƙarfi da gudu, sai a ɗauka ya fi su iyawa. A tsakiyar shekarun 1980 wani masani ɗan Kanada, Roger Barnsley, ya lura cewa waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun fi yawa nesa ba kusa ba a ƙungiyoyin matasa na ƙwallon gora. Dalili shi ne ana raba yara rukuni-rukuni daga ranar 1 ga Janairu, don haka haifaffen Janairu ya girmi haifaffen Disamba da kusan shekara guda alhali suna aji ɗaya. Shi ake zaɓa, shi ke samun koci mai kyau. Idan kowa ya kai shekara 21, wannan fifiko sai ya gushe, a koma kallon basira da tunani.

Idan ratar watanni na yin wannan tasiri, ina ga ratar shekaru? Nan ne matsalar rage shekaru ta shigo, wadda ta daɗe tana bin ƙwallon matasa a Afirka. Tun daga 2009 hukumar FIFA ke amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, domin a ga ko ya gama haɗewa kamar na baligi. A 2016 sama da yara 20 aka sallama daga sansanin Golden Eaglets bayan wannan gwaji, kwanaki kaɗan kafin karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ta fitar da Najeriya mai riƙe da kofin duniya. Gwajin ba ya faɗin ainihin shekarun mutum, yana iya kayar da mai gaskiya da ya girma da wuri. Amma illar rage shekaru a kan wanda aka rage wa take komawa. Ƙungiyar da ta saye shi tana jiran ya ƙara bunƙasa, shi kuwa ya riga ya kai iyakarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dalili na biyu takarda ce. Ƙasa kamar Ingila ba ta ba ɗan wasan waje izinin aiki sai ya cika wasu sharuɗɗa. Liverpool ta ɗauki Taiwo Awoniyi, ɗan tawagar 2013, a shekarar 2015, amma ya shafe shekara shida ana ba da shi aro a Jamus da Holan da Beljiyam, bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Sai a 2022 ya shiga gasar Firimiya da Nottingham Forest. Shi ya jure. Da yawa kan gaji a aro na biyu ko na uku, domin kowace shekara sabon koci ne, sabon harshe, sabon gari.

Na uku rauni ne, wanda ba ya sallama. Jijiyar gwiwa guda in ta tsinke tana iya cinye kaka ɗaya, kuma kafin mutum ya warke an sayo wani a gurbinsa. Na huɗu kaɗaici ne. Yaron da ya saba da cin tuwo cikin 'yan'uwa a zaure, ya wayi gari shi kaɗai a ɗaki cikin sanyin da bai taɓa ji ba, ba mai yi masa magana da harshensa, ga waya daga gida kullum ana jiran aike. Ba kowace zuciya ke ɗaukar wannan ba, kuma ba a ganinsa a allon sakamako.

Abin da doka ta tanada

Akwai ƙa'idojin FIFA da ya kamata kowane uba ya sani, domin su ne ke bambance hanyar gaskiya da ta damfara. Sashe na 19 na dokar sauya sheƙar 'yan wasa ya hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa domin ya buga wa ƙungiya. Togaciyar kaɗan ce, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Manyan ƙungiyoyi sun sha hukunci a kan wannan: Barcelona a 2014, Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, Chelsea a 2019. Shi ya sa Osimhen da Iheanacho sai da suka jira cikar shekara 18 kafin su koma ƙungiyoyinsu a hukumance. Duk wanda ya ce zai sanya ɗan shekara 15 daga Zariya a wata ƙungiyar Turai a wannan kaka, ko dai bai san doka ba, ko kuwa ya san ta yana fatan uban yaron bai sani ba.

Haka kuma ɗan ƙasa da shekara 18 ba ya sa hannu a kwantiragin da ya wuce shekara uku. Dillalin 'yan wasa kuma sai da lasisin FIFA, wanda tun 2023 ake zana jarrabawa kafin a samu, kuma ba shi da ikon ƙulla yarjejeniya da yaro sai da amincewar waliyyinsa a rubuce.

Akwai wata ƙa'idar da ta shafi masu ƙananan ƙungiyoyi na unguwa. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Sharaɗin shi ne a ce an yi wa yaron rajista da sunan ƙungiyar a hukumar ƙwallo. Kocin da ya shekara biyar yana sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, amma bai taɓa rubuta sunan yaro a ko'ina ba, ba shi da abin da zai nuna ranar da aka sayar da yaron nan da miliyoyi.

Rayuwa bayan an rataye takalmi

Ko wanda ya yi nasara, sana'ar gajera ce. Wanda ya kai shekara 35 yana wasa ya yi dogon zango, alhali a wannan shekarun ne ma'aikacin gwamnati ke tsakiyar aikinsa, ɗan kasuwa kuma ke fara tsayawa da ƙafarsa. A nan ne Kanada ta yi wani tanadi da ya cancanci a duba. A gasannin matasanta, kowace kaka da yaro ya buga tana ba shi haƙƙin kuɗin karatun shekara guda a jami'a ko kwaleji, muddin bai samu babban kwantiragi ba. Wanda ya buga kaka huɗu ƙofar NHL ba ta buɗe masa ba, yana da kuɗin digiri a ajiye. Tsarin na da masu sukarsa, musamman kan ƙarancin abin da ake biyan yaran alhali ana samun kuɗi da su. Duk da haka an gina shi ne a kan amincewa da gaskiyar cewa mafi yawansu ba za su kai ba.

Zariya na da nata misalan. Shola Ameobi, wanda aka haifa a garin a 1981, ya koma Ingila yana ɗan shekara biyar. Ya shafe shekara 14 a babbar ƙungiyar Newcastle United, ya buga wa Najeriya gasar kofin duniya ta 2014. Da ya daina wasa, Newcastle ta ɗauke shi aiki a 2019 a matsayin mai kula da matasan da take bayarwa aro, wato masu tsaye a daidai matakin da ake yawan ɓacewa.

Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a nan ya koyi ƙwallon kwando a hannun koci Oliver Johnson. Ya yi karatu a Amurka, ya buga wasa 'yan shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Turai, bai taɓa buga gasar NBA ba. Ya fara aikin farautar 'yan wasa wa Orlando Magic ba tare da albashi ba. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na NBA, a 2019 kuma Toronto Raptors da yake shugabanta ta ɗauki kofin gasar. Abin da ya kai shi nan ilimi ne da sanin mutane da iya mu'amala.

Sai kuma Promise Isaac, shi ma haifaffen Zariya, kyaftin ɗin tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta kai wasan ƙarshe a 2005, inda Lionel Messi ya ci mu ƙwallo biyu a bugun fanareti. Shi ne kuma kyaftin a Olamfik ta 2008 da aka samo azurfa. Ya shafe mafi yawan sana'arsa a Turkiyya, wasanninsa a Super Eagles ba su da yawa, ya rasu a Amurka a watan Oktoban 2019 yana da shekara 31, yana buga wa Austin Bold. Ya riƙe kansa da sana'arsa har ƙarshe, ko da yake sunansa bai kai inda na abokan karawarsa ya kai ba.

Tambayoyin da uba zai yi

Babu abin da ke cikin wannan bayani da ke cewa a hana yaro wasa. Ahmed Musa daga Kano Pillars ya tafi Turai, Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato shi ma ta nan ya bi, kuma iyalai da yawa sun amfana. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, ficen ƙuruciya alama ce kawai, kuma hanyar da ta fi aminci ita ce mai hawa-hawa: ƙungiyar unguwa mai rajista, gasar jiha, gasar ƙasa, sannan waje idan shekaru sun cika.

Saboda haka idan mai takarda ya yi sallama, akwai abin da ya kamata a tambaye shi kafin a kawo masa ruwa na biyu. Ina lasisinsa, kuma da wane suna aka yi masa rajista? Wace ƙungiya ce ta aiko da gayyatar, kuma za a iya tuntuɓarta kai tsaye ta adireshinta na hukuma, ba ta lambar da shi ya bayar ba? Hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kaduna ta san da maganar? Wace irin biza ce, kwana nawa ne gwajin, kuma akwai tikitin dawowa? Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke ɗaukar nauyin zuwansa. Idan aka ce uba ne zai biya komai, kuma a biya yau domin gobe an rufe, to a dakata. Idan kuma aka ga alamar safarar mutane ce aka lulluɓe da rigar ƙwallo, hukumar NAPTIP na karɓar irin wannan ƙorafi.

Abu biyu kuma na hannun iyaye, ba sa buƙatar izinin kowa. Na farko, a yi wa yaro takardar haihuwa ta gaskiya tun yana jariri, kada kuma a yarda wani ya taɓa ta. Na biyu, kada a cire shi daga aji saboda atisaye. Garin da ke da Kwalejin Barewa da Alhudahuda da Jami'ar Ahmadu Bello bai kamata a ce ɗansa ya dawo daga gwajin wata uku a ƙasar waje ba shi da ko takardar sakandare ba. In ƙwallon ta karɓe shi, karatun zai taimake shi karanta kwantiragin da zai sa wa hannu. In ba ta karɓe shi ba, yana da abin da zai koma wa yana ɗan shekara 22, lokacin da sauran rayuwa ke gabansa.